Ina cinye minti 90 a fili amma mita 50 a ruwa na gagara ta, meye matsalar numfashina?

Ɗan_Bakin_Dam:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku warware min wannan abin don wlh ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni ɗan wani ƙauye ne nan gefen dam ɗin Tiga ta ɓangaren Bebeji, shekarata 19, kuma ba yau na fara shiga ruwa ba, tun muna yara in an aike mu wanki ko kai shanu shan ruwa sai munyi iyo mun ƙoshi kafin mu dawo gida a zane mu. To tunda na kalli gasar ninƙaya ta Olamfik da akayi a Faransa 2024 a wayar yayana abin ya shiga raina, nace nima sai na koyi irin nasu na gasa, ba irin namu na facal-facal kamar an jefa akuya a kududdufi ba.

Ni da abokina muka samo igiya muka auna mita 50 a wani waje da ruwan yake kwance ba ciyawa, muka kafa sanduna biyu, shi yana bakin gaɓa da waya yana duba min lokaci. Kafin na kai sanda ta biyu numfashina ya ƙare, ƙirjina kamar an barbaɗa barkono, in na tsaya sai haki kamar karen da zomo ya wahalar. Kuma ni ɗin nan lamba 8 nake bugawa a ƙungiyar garinmu, minti 90 ba a canza ni, da damina ina riƙe fartanya tun safe har azahar, to ina ƙarfin yake zuwa in na shiga ruwa?

Abinda na lura, in na tsaya kawai ruwa ya kawo min wuya, ko motsi banyi ba sai naji kamar an ɗaure min ƙirji da robar ɗaure kaya a bayan mashin, ina jan iska amma bata cika. In na juya rigingine na miƙe sai naji sauƙi sosai. Sannan ku gafarce ni, duk shigar da zanyi bana wuce rabin awa fitsari ya matse ni ko ban sha komai ba. Kakata tace mutanen ruwa ne ke danne ni na daina zuwa, wani abokina yace asma ce, wani yace olsa, shi dama komai olsa ne a wajensa. Wanne zan ɗauka?

Baban_Kulu:

Hhhh yaro faɗi gaskiya dai, ko ana ɗan zuƙa ne a bayan makaranta? Ƴan lamba 8 ɗin nan na yanzu ban yarda daku ba. In ba haka ba to ka bi maganar kakarka, ka tsaya a ƙwallonka, ruwa ba sa'an kwando bane.

Ɗan_Bakin_Dam:

Wlh Baba ko karan sigari ban taɓa sawa a baki ba, gidanmu ma in aka ji warinta a jikinka ranar a waje zaka kwana.

Malam_PHE:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare nan Jigawa, nayi iyon gasa kaɗan lokacin ina karatu, ban ci kofi ba amma na sha ruwa ba kaɗan ba, don haka nasan abinda kake faɗa. Kwantar da hankalinka, abu ukun da ka lissafa uwarsu ɗaya, kuma duk ɗan Adam in ya shiga ruwa haka yake ji har waɗanda ka kalla a waya, su dai sun san yadda ake zama da abin ne.

Ruwa nauyi gareshi, lita ɗaya kilo ɗaya, wanda ya taɓa ɗora jarka a ka ya sani. In ka tsaya ruwa ya kawo maka wuya, tsakiyar ƙirjinka na ƙasa da saman ruwan da wajen santimita 20 ko fiye, hancinka kuma yana waje yana jan iskar da ba wannan nauyin a kanta. Ɗora tafin hannunka a ƙirji yanzu. Wajen da ya rufe ɗin nan kawai, dannawar da ruwa ke masa ta kai nauyin kilo 2, sai ka lissafa tafi nawa zai zagaye ƙirji da baya da ciki. Shi numfashi kamar zuga-zugin maƙeri yake, sai an buɗe iska ke shiga, haƙarƙari ya buɗe, tantanin naman nan da ya raba ƙirji da ciki ya sauka ƙasa. To kace wani yaro ya zo ya dafa zuga-zugin yana dannawa, maƙerin zai buɗe dai amma kowace buɗewa sai ya ƙara ƙarfi. Robar da kake ji kenan. Fitar da iska a ruwa ba wahala, ruwan ma taya ka yake, jawo ta ce aiki.

Sai jini. A tudu in kana tsaye jini mai yawa na taruwa a ƙafa da ciki, shiyasa mai yini a tsaye a shago ƙafarsa ke nauyi da yamma. Da ka shiga ruwa, ƙafa ce tafi nisa a ƙasa, ita ruwan yafi matsewa, kamar ana tatsarta daga ƙasa zuwa sama, sai jinin ya gudo ƙirji. An auna wannan, jinin da ke ƙaura yana haura rabin lita, wato ledar fiya wata ɗaya da ɗoriya. Ɗakin ƙirji ɗaya ne, baƙo ya shigo dole iska ta matsa masa, ga ciki ma ruwa ya danno shi ya tura tantanin sama, sai iskar da ke saura a huhu bayan ka fitar da numfashi ta ragu sosai. Fitsarin ma daga nan yake, zuciya taga jini ya cika mata sai ta ɗauka ruwa yayi wa jiki yawa ta aika wa ƙoda saƙo a rage. Ba ciwo bane. Ka dai riƙa shan ruwa in ka fito, don mutum yana iya bushewa yana tsakiyar dam.

In ka miƙe a saman ruwa kuwa, ko rigingine ko rub da ciki, ƙirjin ya taso kusa da sama nauyin da ke kansa ya ragu, shine sauƙin da kaji. Ba wai ya tafi duka ba, ko kan tabarma ka kwanta kayan ciki na jingina da tantanin nan, shiyasa mace mai tsohon ciki ko mai ciwon zuciya basa son kwanciya ba filo. Amma dai kwanciya kan ruwa tafi tsayuwa a cikinsa sauƙi.

Ban ga iyonka ba amma kamar ina kallonka: kai a sama kamar agwagwa, ido kan sanda. Huhu shine gorarka a ruwa kuma a ƙirji yake, ƙafa kuwa ƙashi ce da tsoka balle ta ɗan ƙwallo, ita nitsewa take so. Jikin kamar sikelin mai awo ne, ka ɗaga kai ƙugu ya sauka, da ƙugu ya sauka ka koma rabin tsayuwa, ƙirji yayi ƙasa ruwa ya ƙara matse shi, kuma kana tura ruwa da faɗin cikinka da cinyoyinka, ruwan da yafi iska nauyi wajen sau 800, sai ka hau dukansa da ƙafa don kar ka nitse, cinya kuwa ba wanda ya kaita cin iska. Tambaya ɗaya: a ina kake fitar da numfashi, cikin ruwa ko sai ka ɗago?

Ɗan_Bakin_Dam:

Malam kamar kana wajen wlh, haka nake yi. Sai na ɗago nake fitarwa, ai in na buɗe baki a ruwa sha zanyi. In na gaji da ɗaga kai nakan tsoma shi na riƙe numfashi na ja hannu kamar shida ko bakwai sannan na ɗago.

Malam_PHE:

To ga ɓarawon nan mun kama. Lokacin da bakinka ke waje bai kai sakan ɗaya ba, kai kuma kana so ka fitar da tsohuwar iska ka jawo sabuwa duk a ciki, ga ruwa ya dafa zuga-zugi. Bazai yiwu ba, rabi kake fitarwa rabi kake ja, kafin mita 30 ƙirji ya cika da iskar da bata da amfani. Masu gasa a cikin ruwa suke fitarwa, ta hanci da baki, kumfa na fita bul-bul-bul duk lokacin da fuska ke ƙasa, in sun juyo ja kawai zasu yi. Kuma muddin iska na fita ruwa baya shiga. Fara da baho a gida, tsoma fuska kayi guɗa ta hanci kamar mai cewa mmm, ka juya kai gefe ka shaƙa ta baki, ka mayar. Sai kayi hamsin a jere hankali kwance sannan ka koma dam.

Jikan_Sarkin_Ruwa:

Salamu alaikum. Mu sana'ar su muka gada nan yankin Auyo bakin kogin Haɗejia, ban yi boko mai nisa ba amma maganar Malam ta nauyin ruwa gaskiya ce, na gani da idona. Wata shekara gaɓa ta zaftare da injin ban ruwan wani bawan Allah, ya faɗa wajen da zurfinsa yafi gaba biyu, aka kira mu. Sai wani yaro mai jin kansa da wayo yace meye na wahalar nutso, a yanko tiyo ya sa a baki mu riƙe ɗaya bakin a sama yayi ta numfashi yana ɗaure injin. Aka yanko. Ya sauka, ko ina bai je ba ya taso ido jajur yace tiyon a toshe yake. Muka busa iska ta fita lafiya lau. Ni na karɓa nace kawo nan, a saman ruwa ina ja tana zuwa, da nayi ƙasa kamar kamu biyu na ja na ja kamar mai tsotsar dutse, ko ɗigo. Muka ce ikon Allah, ashe ruwan ne ya riƙe haƙarƙarin. A ƙarshe da nutson da muka sani muka ɗaura masa igiya aka jawo.

Kuma shiyasa kaga muna yini kan gora bama gajiya, ka kifa cikinka a kanta ƙirji na waje, ƙafa da hannu kawai ke ruwa, kana jan koma kana hira da na kusa da kai. Amma ka sauka ka tsaya a ruwa zuwa wuya kana warware taru, nan da nan zaka ji numfashi na maka nauyi.

Inda zan ɗan saɓa da Malam, wannan busa iska a ruwa mu bamu san ta ba, mu iskar muke ɓoyewa kamar kuɗin cefane. Masu nutso na gaske irin wanda ake gani a wasannin ruwa na bikin Argungu riƙewa suke. Yaro in kana son numfashi mai tsawo ga abinda muke yi muna samari, kafin ka shiga ka ja iska da ƙarfi ka fitar da sauri da sauri kamar sau ashirin ko talatin har kaji kanka ya ɗan yi shauƙi yatsunka na tsirawa, sannan ka cika ƙirji ka nutsa, zakayi mamakin daɗewar da zakayi baka ji komai ba.

Anti_Nas:

Baba dan girman Allah kayi haƙuri zan saɓa maka, ba raini bane. Ƙanena KAR ka gwada wannan na ƙarshen, shi ke kashe waɗanda suka iya ruwa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti yankin Kura wajen masu noman rani. Abinda mutane basu sani ba, wannan zafin da kake ji a ƙirji yana ce maka fito ka shaƙa, ba ƙarewar oksijin ce ke kawo shi ba, taruwar iskar kabon ce, wato dattin iskar da jiki ke fitarwa. Ita ce mai gadin da ke buga maka ƙofa. In kayi wannan numfashin da sauri-sauri oksijin ɗin jininka kusan baya ƙaruwa don dama a cike yake, kabon ɗin kawai ka kwashe, wato ka sallami mai gadi ya tafi barci. Shauƙin kai da tsirawar yatsun da Baba ya faɗa alamar hakan ce. Sai ka nutsa kana jin daɗi, oksijin na ƙarewa ba wanda zai gaya maka, sai dai kawai ka suma a ƙarƙashin ruwa, ba ihu ba fafutuka, na bakin gaɓa ma cewa zasuyi kai wane akwai nutso. An taɓa kawo mana yaro daga kanal, gasar wa zai fi daɗewa sukeyi, ruwan ko ƙirjinsa bai kai ba, Allah yasa wani mai ban ruwa ya lura ya ɗago shi da wuri, ya rayu amma sai da aka wuce dashi babban asibiti ya kwana biyu saboda ruwan da ya shiga huhu. Uwar tana ta cewa ai shi yafi kowa iyawa a cikinsu.

Sannan ga sanyi na zuwa. In ka faɗa ruwa mai sanyi farat ɗaya jiki da kansa yake jan numfashi da ƙarfi ba tare da ka shirya ba, sai haki na wajen minti ɗaya, in a lokacin kanka na cikin ruwa to ruwan zaka ja. Ka riƙa shiga a hankali, ka jiƙa fuska da wuya, ka tsaya sai numfashi ya daidaita. Su wuraren gasa ruwansu tsakanin digiri 25 zuwa 28 ake ajiye shi, dam ɗinku da asubar hunturu ba ruwansa da wannan doka.

Maganar asma, yadda ka bada labari bata yi kama ba tunda kana gudu a fili lafiya, amma in kana jin ƙirjinka na kuka kamar usur, ko tarin dare, ko ƙurar hunturu na tada maka shi, to kaje a duba ka. In kuma wata rana kana cikin iyo tari ya taso maka da kumfa mai ja-ja kuma baka sha ruwa ba, fito nan take a kaika asibiti, wannan jinin da Malam yace yana taruwa a ƙirji wani lokaci yana yin yawa har ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ba kasafai ba amma yana faruwa.

Abu na ƙarshe tunda ka ambaci fitsari, yawansa ba komai, amma ka duba ko ɗigon ƙarshe na zuwa da jini. Tsargiya ta cika ruwan dam da kanal a yankin nan, daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata, kuma mai ita jininsa na raguwa a hankali, wanda jininsa yayi ƙasa ko a tudu haki zai yi. Gwajin fitsari ne kawai, maganin kuma praziquantel. Kuma kar ka taɓa shiga kai kaɗai, abokin nan naka ya ɗaga ido daga waya ya riƙa kallonka, ya ajiye jarka mara komai da igiya kusa.

Jikan_Sarkin_Ruwa:

To ƴata na ji. Kin tuna min da wani ƙanin babanmu, duk yankinmu ba mai nutsonsa, rana ɗaya ya shiga cire ƙugiya a wajen da yara ma ke wasa, bai fito ba, da aka ɗauko shi ba abinda ya riƙe shi, ba ciyawa ba raga. Mutane suka ce na ruwa ne suka karɓe shi. Kuma shi ya koya mana wannan jan iskar. Allah ya jiƙansa. Yaro bar waccan maganar tawa, ka ɗauki ta gora da ta tiyo.

Malam_PHE:

Amin Baba. Labarin tiyon nan sai na kaiwa ɗalibaina, yafi duk abinda zan zana a allo. Kamu biyu kusan mita ɗaya ne, a nan nauyin da ke kan faɗin tafi ɗaya ya kai kilo 10, naman haƙarƙari bashi da ƙarfin ɗage wannan ya daɗe yana yi. Kuma tsakanina da kai ba saɓani, aikin ne daban. Mai nutso sau ɗaya zai shiga yayi motsi kaɗan ya fito ya huta, dole ya ɓoye iskarsa. Mai tsere injinsa a kunne yake tun daga farko har ƙarshe, dole hayaƙi ya riƙa fita.

Su kansu masu gasar ba numfashi ɗaya suke ba. A tseren mita 50 da yawa daga cikin manyan basa shaƙa ko sau ɗaya, ko suyi ɗaya tak, don kowace juyawar kai na ɗan ɓata miƙewar jiki, amma ka duba tsawon abin, Cesar Cielo ɗan Birazil a sakan 20.91 ya gama a 2009, kafin jiki ya fara ƙorafi an isa. Kai da kake kusan minti a wannan tazarar in ka kwaikwaye su wahala zaka sha. Dubi masu dogon zango, Katie Ledecky ta Amurka a mita 800 da 1500 kusan duk jan hannu biyu sai ta shaƙa, bata rowar iska ko kaɗan. Masu salon kwaɗo suna ɗagowa kowane bugu, masu rigingine fuskarsu a waje take amma suma da bugun hannu suke jera numfashin. Har doka akayi saboda masu son zama a ƙasa, a Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu David Berkoff na Amurka da Daichi Suzuki na Japan sun riƙa tafiyar wajen mita 30 a ƙarƙashin ruwa a tseren rigingine, Suzuki ya ci zinare, bayan nan aka taƙaita abin, yanzu mita 15 ne iyaka kai ya fito.

In ka sake kallon bidiyon ka lura da kyau, basa ɗaga kai, jikin gaba ɗaya ke mirginawa kamar ana juya tsire, kunne ɗaya da ido ɗaya na cikin ruwa. In kana tafiya kanka na tura ruwa gaba sai ɗan kwari ya samu a gefen kumatunka, a wannan kwarin baki ke samun iska. Wanda ya ɗaga kai shi ke rusa kwarin da kansa. Idonka ya kalli ƙasa, ka ɗan danna ƙirjinka cikin ruwa kamar mai jingina da buhu, zaka ji ƙugu ya taso da kansa. Ka rage dukan ƙafa, a nan ba fili bane.

Gaskiya ne in aka auna huhun manyan masu ninƙaya yakan fi na sauran mutane ɗaukar iska, wani ɓangare halitta ce don dogaye masu faɗin ƙirji ne ke kaiwa can, wani kuma tun suna yara suke jan numfashi ruwa na danne su. Kai a 19 kar ka sa ran huhu zai ƙara wani girma sosai, amma naman da ke buɗe haƙarƙari yana ƙarfi da horo kamar kowane nama, kuma yana gajiya kamar kowane nama, shiyasa tafiya ta biyar tafi ta farko wuyar shaƙa. Ka nemi bidiyon Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini a Olamfik ta 2000 a Sidni. A ɗan wurin wankan otal ya koya, bai taɓa ganin mai mita 50 ba sai ranar da yaje, abokan tserensa biyu ɗan Nijar da ɗan Tajikistan aka kore su don sun riga ƙararrawa faɗawa, ya rage shi kaɗai, yayi mita 100 a minti 1 da sakan 52.72, kansa a sama ƙafa a ƙasa, ƙarshen kamar bazai kai ba. Sai ka kalli Pan Zhanle na Chaina da yayi tazarar a sakan 46.40 a 2024. Kar ka kalli hannu, kalli inda ƙugun kowannensu yake.

Ɗan_Bakin_Dam:

Salam, na dawo bayan sati uku, Allah ya saka da alheri Malam da Anti da Baba. Ashe a rashin sani kaza ta kwana kan dami. Ranar farko da na tsoma fuska a baho a tsakar gida ina bul-bul sai ga kakata ta fito daga ɗaki, ta tsaya ta kalle ni ta saki salati tace shikenan sun biyo shi har gida, sai da yayana ya zaunar da ita yayi mata bayani, har yanzu dai bata gama yarda ba, jiya ma turare ta tura min ɗaki.

A dam kwana huɗun farko ruwa na sha kamar raƙumi, yana shiga hanci yana hawa min har ƙwaƙwalwa, na kusa cewa na fasa. Abinda ya gyara min shine wannan mmm ɗin, in na fara shi tun kafin fuska ta taɓa ruwa baya shiga. Yayana ya sayo min gilashin ruwa a Kano, da na sa na kalli ƙasa sai naga yatsun hannuna da ƴan ƙananan kifi na wucewa, tsoron ya ragu, kawai sai naji dugadugaina sun fito suna taɓa iska, abinda basu taɓa yi ba. Yanzu ina zuwa sanda ta biyu na juyo na dawo ta farko ban tsaya ba, haki akwai amma barkonon nan babu. Robar ƙirjin tana nan in na tsaya zuwa wuya, sai dai tunda nasan ko mecece bata dame ni ba.

Anti naje gwajin, ashe akwai, ni da abokin nawa duka, mun sha ƙwayoyin, ɗaci kamar maɗaci kuma sun juya min kai yini guda. Sunce in dai ina shiga dam zan iya sake ɗauka, to wannan kam ban san yadda zanyi ba don wurin wanka na siminti mafi kusa damu sai an shiga mota.

Malam saura abu ɗaya, ta dama kawai nake iya shaƙa, in na juya hagu sai na nitse kamar dutse. Kuma da la'asar in iska ta taso igiyar ruwa daga dama take bugowa in ina tafiya, dai-dai lokacin da na buɗe baki take mara min, in ina dawowa kuma lafiya lau. Na dage sai na koyi hagun ne, ko na mayar da sandunan ta wata fuskar?